Bisimillar da Ka Rubuta a Kan Kowace Takarda

Zuwa ga mahaifina, Dakta Sa'idu, a makwancinsa na Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ka koya mana, ina fatan ka tarar da rahamar Ubangiji a inda kake. Na san akwai masu karanta wannan a shafina, su yi haƙuri, da kai nake magana.

Abba, takardunka sun tafi. Gara in faɗa maka tun farko, tunda ba ka son kwana-kwana. Ko majinyaci ne ya ɗauko dogon labari sai ka ce masa, "Nuna mini inda ke ciwo."

Ban samu jana'izarka ba, biza ta riƙe ni a Kaduna. Da na iso, asibitin da ka ƙarar da ƙuruciyarka a cikinsa har ya aiko a kwashe kaya a ba su gidansu. Iƙamar Umma da ta autanmu Mahmud, wato takardun izinin zama, a jikin taka suke rataye, da ka faɗi suka faɗi, sai komawa gida. Umma na ɗaki tana takaba, kwasar kaya ta faɗo kan Mahmud shi kaɗai. Ni kuwa duk tsawon hanya abu ɗaya ke raina, akwatunan nan na saman kabad ɗinka.

Ka tuna yadda kake sauko da su in an yi baƙi, mu muna zumɓura baki don mun san yau shayi sai ya huce? Akwai wasiƙun ajami da Kaka ya rubuto maka kana makarantar likita. Akwai na Baturen likitan da Kaka ya yi wa aikin haɗa magani a ƙauyenmu, ɗan ɗariƙar Kweka, waɗanda ka ce ibadarsu zama ne shiru, ba mai ja ba waƙa. Mai Shiru mutanen gari ke ce masa. Bai taɓa karɓar kwabon majinyaci ba, shi ya ɗauki nauyin karatunka, kuma bai taɓa ce maka ka bar sallarka ba. Da ya tsufa ya koma ƙasarsu bai daina rubuto maka ba, har hannunsa ya fara rawa, layukan suna gangarowa. Sannan ga naka rubutun na shekara da shekaru, haihuwarmu, sunayen dangi, wa ya auri wa, da labarin mutanen da ka duba.

Halin Mai Shiru ka ɗauko ka kawo garin da ba a son irin wannan karambani. Ranar Juma'a kowa na hutawa, kai ana idar da salla sai unguwar Sulay da jakarka, ɗakunan leburori, wajen 'yan uwanmu da iƙamarsu ta mutu, masu tsoron ƙofar asibiti fiye da ciwon da ke cinsu. Kakan dawo rigarka na warin siminti, ka kasa cin abinci. Ban manta ranar da ka tarar da wani direba ƙafarsa ta ruɓe da ciwon suga ba, ya ɗaure ta da leda yana tuƙi a haka. Umma ta sha yi maka faɗa cewa wata rana za a ƙwace lasisinka a tasa ƙeyarmu gida. Amsarka ɗaya ce kullum, "To in bar shi ya mutu?"

Ga yadda abin ya faru. Kai mutum ne da ba ka iya ɗora alƙalami a takarda sai ka rubuta bisimilla a sama. Ko cefanen kasuwar Aziziya za ka rubuta sai ta hau. Har ambulan ɗin da ka adana wasiƙun Mai Shiru, Kirista, sai da ka rubuta wa kowanne tasa. Mahmud kuwa ka san shi, nan aka haife shi, Larabci a bakinsa kamar ruwa, Hausa sai ya yi ta laluben kalma. Ya buɗe akwatunan ya ga takardu sun yi ja don tsufa, ya dubi ajamin Kaka ya ɗauka tsofaffin addu'o'i ne. Masu kargo a Bat'ha suka ce masa kaya sun yi nauyi. Zubarwa a shara kuma ba ta yiwuwa, ga sunan Allah a kan kowace. Sai ya yi abin da ake koya wa kowane yaron garin nan tun firamare, ya loda su a mota ya kai akwatin ƙarfen nan na ƙofar masallaci, inda ake saka tsofaffin Alƙur'anai da duk takardar da ke ɗauke da ambaton Allah. Da alwala ma ya yi aikin, Abba.

Da na tambaye shi, abin da ya iya ce mini kawai, "Wallahi Yaya, haram a sa ismullah a zibala."

Muka je masallacin, akwati wayam. Ladan ya yi mana kwatancen wani sito a Sulay inda masu kwasa suke kaiwa. Na tsaya a ƙofa ina kallon buhuna jibge har rufi, wani ma'aikaci ya yi mana bayani cikin ladabi cewa na makon jiya an riga an jiƙa an markaɗe, don kada harafi ɗaya ya saura a wulaƙanta shi. Ya ɗauka daɗi zan ji. Har albarka ya sa wa Mahmud.

A mota na faɗa wa yaron nan maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Tuƙi kawai yake hawaye na zuba. Da muka biyo ta maƙabarta na ce ya tsaya, na kalli katanga daga cikin mota tunda mata ba sa shiga, ya nuna mini da hannu sashen da kake.

Abin da ke cina shi ne, shi ya fi kowa buƙatar takardun nan. Zai sauka ƙasar da bai sani ba sai a hutu, cikin dangin da bai iya jera sunayensu ba, kuma ba ka nan balle ka ce masa wannan gwaggonka ce. Ni ma mai taƙamar na riƙe labari, na zauna in rubuta abin da na tuna, ban yi nisa ba na kakare. Ko ainihin sunan Mai Shiru ban sani ba, Umma ma ba ta sani ba. Mutumin da ya mai da kai likita, yau ba mai iya kiran sunansa a gidanmu.

Ban huce ba tukuna, Abba, ka san zuciyata. Ina zuba wa Mahmud abinci amma ba na iya kallon fuskarsa. Na san tarbiyyarka ya bi, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai, don na rasa wanda zan kama.

Na roƙi mutanenka na Sulay, duk mai ko guntuwar takardar magani da hannunka ya ɗauki hotonta ya turo mini. Ba sai ta karantu ba, dama can ba mai gane rubutunka sai mai kemis. In dai gan shi kawai.

Allah ya jiƙanka, Abbana, ya sa ciwon da ka ɗauke wa bayinsa ya zame maka sanyi a kabari. Ya jiƙan Kaka, ya ba Umma haƙuri, ita da za ta ƙarasa takabarta a hanya. Ni kuma ya sassauta mini zuciya in iya kama hannun ƙanena kafin jirgi ya ɗaga, don za mu tafi mu bar ka a nan, shi kuma bayan Umma ba shi da kowa a can sai ni.

'Yarka,
Hajara