Kananzir a Akurkin Kazar Rabi

Gusau, daren Laraba, Afrilu 1956

Duk wanda ya buɗe littafin nan ba da izinina ba, ya ji tsoron Allah ya rufe.

Ƙwai goman da kazar Rabi ke kwanci a kai duk sun lalace. Kazar nan kaɗai ta rage cikin waɗanda marigayiya kakarta ta aiko mata daga Nahuce. Na mari Rabi, na ce ita ke jijjiga ƙwan. Tana kuka ta ce, "Wallahi Inna ban taɓa su ba. Mi na yi?"

Da yamma na fasa ɗaya. Ga ɗan tsako kamar ƙwayar wake, jijiyoyinsa sirara kamar zare, jinin ya tsiyaye ya yi zobe. Sai na ji warin kananzir a ɓawon. Ni na yayyafa shi a akurki saboda ƙwarƙwata. An koya mana a makaranta cewa ɓawon ƙwai yana numfashi, abin da ya ratsa shi kuwa jijiyoyin nan ke sha. Na sani, na manta.

Rabi ta kwanta ba ta ci tuwo ba, da shatin yatsuna a kuncinta.

Daga gobe ba a dukan kowa a gidan nan sai an ji ta bakinsa. Dokar daga kaina za ta fara.