Usur ɗin da na miƙa wa Gwaggo

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara tsare ku, musamman ke da kike wuni a asibiti kina jinyar masu cutar nan, ya ba ki ladan wahalarki. Ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka makwancinta, ya ba mu haƙurin rashinta. Mu nan sai godiya. Uwar yara ta warware daga ciwon bayan nan har ta koma kan keken ɗinkinta. Auta ta fara haƙori, ba abin da ta bari a gidan nan ba ta gatsa ba, har hannun jakar aikina. Kawu kuwa yana nan yadda kika san shi, takunkuminsa a ƙarƙashin haɓa, wai hancinsa ba ya son matsi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wajena alhali kusan kowane mako muna waya. Yaya, abin da zan faɗa miki bakina ya ƙi ɗaukarsa. Sau uku ina kiranki da niyyar faɗa, sai in ɓige da tambayar sanyin garinku. Wata bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo, kuma ba ki daina tambayata ba: ina mahaifiyarki ta ɗauko cutar nan, ita da ba ta shiga kasuwa, ba ta hawa motar haya, daga gida sai makarantarmu? Kullum ina ce miki Allah ne masani. Haka ne, Allah ne masani, amma ni ma akwai abin da na sani na ɓoye miki, don ina tsoron in kin ji ba za ki ƙara kallona a matsayin ƙani ba. Tsoron bai tafi ba, amma ɓoyon ya fi ƙarfina.

Bari in faro miki daga tushe. Da aka ce a sake buɗe makarantun firamare bayan wata biyar a rufe, ofishin ilimi ya mayar da mu hedimastoci kamar ƙwallo. Takardar umarni ta zo ran Litinin, kafin ka gama karanta wa malamai wata ta zo ran Alhamis ta soke ta. Ta farko ta ce duk malamin da ya haura shekara hamsin da biyar ya zauna gida. Na yi hamdala, don Gwaggo tana da hamsin da takwas, kuma a makon nan kika kira ni kika ce in yi duk yadda zan yi kada ta koma aji. Ta biyu ta ce malamai sun yi ƙaranci, sai mai takardar likita kaɗai za a ɗaga wa ƙafa. Ta uku ita ce ta fi ba ni haushi, wai an bar wa kowane hedimasta ya yanke abin da ya ga ya dace. Wato in abu ya yi kyau nasu ne, in ya ɓaci namu ne. Da wannan ta ukun na tafi gidan Gwaggo wata ranar Asabar da hantsi.

Na same ta a tsakar gida ta baje kwalaye tana yanka haruffan da za ta manna a bangon aji ɗaya. Ta bar ni na gama dogon bayanina tsaf, sannan ta dube ni ta saman tabarau ta tambaye ni wai wane ne ya zo, Hedimasta ne ko kuwa ɗan ƙaninta da ta sha share wa majina. Ta ce in Hedimasta ne ya rubuta mata umarni ya buga hatimi, za ta bi. In kuwa ɗanta ne ya ɗauki almakashi ya taya ta aiki. Ta ce yaran ajinta wata biyar ba su riƙe fensir ba, kuma shekara biyun da suka rage mata kafin ritaya ba za ta ƙarar da su tana kallon bango ba. Yaya, hatimin yana cikin jakata a lokacin. Sai na zauna na ɗauki almakashi, na yanka mata harafi goma sha ɗaya. Wannan kin riga kin sani, har kika ce in daina damun kaina, ba a haifi mai juya Gwaggo ba. Abin da ke gaba shi ne ba ki sani ba.

Kin san ba a banza kuke kirana Sarkin Ƙa'ida tun muna yara ba. Duk abin da takardun nan suka ce sai da na yi shi har da ƙari. Bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar kowane aji, benci ɗaya yara biyu, tagogi a wangale, na'urar auna zafin jiki a bakin ƙofa, an daina taron safe, an daina musabaha. Akwai doka guda da ta ce kada aji biyu su fita hutun tara lokaci ɗaya. To kin ga ƙararrawa ta tashi daga aiki ke nan, don da ta buga yara za su ɓarke gaba ɗaya. Sai na fito da dabara, har ina jin kaina: kowane aji da minti goma sha biyar ɗinsa, malaminsu ya fitar da su, in lokaci ya cika ya busa usur su koma. Usur ɗaya muke da shi a makarantar, na ƙarfe mai jan igiya, na malamin wasanni. Na kafa ƙusa a bakin ofishina na rataye shi, wanda layi ya zo kansa ya ɗauka, in ya gama ya mayar. Na san tun daga nan kin dafe kai, ke da jinya ce aikinki. Amma wallahi mu malamai goma sha biyu ba wanda abin ya zo wa a rai. A wajenmu usur ba cokali ba ne, kayan makaranta ne kamar rula da abin goge allo. Mu da ko hannu mun ƙi ba juna.

Ran Litinin ta mako na biyu na tashi da ɗan ƙaiƙayi a maƙogwaro. Na'urar bakin ƙofa ta ce jikina lafiya lau, ni kuma na ce ƙurar alli ce, abin da kowane malami yake cewa ke nan. Aji ɗaya ne ke fara fita. Gwaggo ta zo ta ciro usur ɗin ta gwada, bai yi ƙara ba, ɗan ƙwallon cikinsa ya maƙale. Ta leƙo ofis ta ce usur ɗin Hedimasta ya kamu da mura. Na taso na karɓa, na sauke takunkumi, na busa da ƙarfi sau biyu har ya buɗe, na goge shi a hannun rigata na miƙa mata. Ta yi dariya ta ce ashe dai Hedimasta yana da rana. A gabana ta sa shi a baki, ta nufi filin wasa yaranta na biye da ita. Ran Alhamis na daina jin ƙanshin sabulu, ran Juma'a gwaji ya nuna ina ɗauke da cutar. Ni kwana bakwai na yi a kwance na miƙe. Gwaggo ran Lahadi zazzaɓi ya rufe ta, sauran kuwa kin fi ni sani, tunda ke kike ta waya da likitocinta har kwana goma sha ɗayan nan suka cika. Ina killace a ɗaki aka kai ta makwancinta, ban ga fuskarta ba, ban raka ta ba.

Duk tsawon wannan lokaci usur bai faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya. Sai ranar da na koma aiki, na sa makulli zan buɗe ofis, na ɗaga kai na gan shi rataye a ƙusarsa. Innalillahi! Yaya, a kan dakalin bakin ofis na zauna. Malamin wasanni ya zo yana yi mini sannu, ya ɗauka jinyar ce ba ta sake ni ba, ni kuma na bar shi a haka.

Bayan mako biyu ofishin ilimi ya aiko da fom na bincike, tunda an yi rashi a makarantar. Tambaya talatin da biyu, ko akwai ruwa, ko akwai sabulu, ko an raba benci, kuma kowacce na amsa da e ba tare da na yi ƙarya ba. Ba tambayar usur a ciki. A ɗan filin ƙarin bayani na ƙasa na rubuta abin da ya faru. Sufeton makarantu, dattijo ne mai kirki, ya kira ni ofishinsa ya tura ƙofa. Ya ce ba mai iya tabbatar da cewa daga nan ne, tunda wasu malamai biyu ma sun kwanta sun tashi. Ya ce can sama neman wanda za a ɗora wa laifi ake yi, in takardar nan ta hau za a sauke ni daga kujera, kuma hakan ba zai dawo da baiwar Allah ba. Ya miƙo mini sabon fom. Na karɓa, na cike, na bar filin nan fari, na sa hannu. Don ki ji abin takaici, bayan wata biyu aka aiko wa makarantarmu takardar yabo, har aka sa ni in koya wa sauran hedimastoci yadda ake kiyaye doka. Na je na yi. A ƙarshe na ce musu kada a riƙa yin tarayya a usur, ban faɗi dalili ba. Na ga mutum uku sun kalli juna, ɗaya ya sunkuya ya rubuta.

Yanzu an sassauta dokokin, ƙararrawa ta dawo, usur ɗin yana cikin aljihun teburina na kulle. Amma kullum in ƙarfe goma saura kwata ta yi, lokacin fitar aji ɗaya, sai in ji busarta. Kin san yadda take yi, gajere biyu dogo ɗaya. Ido biyu, ina zaune ina duba jadawalin darasi, sai in ji shi sarai daga wajen filin wasa. Sau biyu ina fitowa baranda in duba, ba kowa sai inuwar bishiya da sabuwar malama a cikin aji tana koyar da ƙirga. In samarin unguwa suna ƙwallo a bayan katanga alƙalin wasa ya busa, biro sai ya suɓuce daga hannuna. Ajin nan kuwa na daina shigarsa, don haruffanmu suna nan a bango, ina gane waɗanda na yanka da karkacewarsu. Makon jiya wata 'yar ajin Gwaggo ta tare ni a baranda da littafinta a buɗe, ta ce wai Malama ta yi mata alkawari ranar da ta iya rubuta sunanta za ta ba ta usur ta busa, ga shi ta iya, yaushe Malama za ta dawo. Na duba rubutun, ba kuskure ko ɗaya. Na ce ta yi ƙoƙari, na shige ofis na rufe ƙofa.

A dangi, uwar yara kaɗai na gaya wa, watan jiya. Ta yi kuka ta ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da haka, ban taɓa shakka ba, amma hannun da ya miƙa nawa ne, kuma ke abu guda kika roƙe ni. Kada ki rarrashe ni da ilimin asibiti ki ce mai yiwuwa daga wani wuri ne, Sufeto ya riga ki, kuma bai rage mini komai ba. Na yanke shawarar sake rubuta rahoton nan yadda abin ya faru in kai da hannuna. In sun sauke ni, in koma aji in riƙe alli, da ma can na fito. Amma ba zan kai ba sai na tabbata takardar nan ta iso gare ki, don ba na son ki ji a bakin wani.

Kin ce tunda an buɗe hanya kina tafe ƙarshen wata mai zuwa ki ziyarci kabarinta. In kina so in tarbe ki a tasha, ki aiko mini ko da kalma ɗaya ce. In ban ji daga gare ki ba zan gane, Kawu zai je ya ɗauko ki, makullin ɗakin Gwaggo kuma zan bar shi wajen uwar yara. Ba zan taka gidan ba muddin kina ciki sai in ke kika kira ni. Ina roƙon ki yafe mini, amma ba na cewa dole ne, ba na kuma sa miki rana.

Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki, Allah ya saka masa da alheri kan tsayuwar da ya yi miki. Ki gaida ɗanki Babba, ki ce ya dage da karatu, ki shafa mini kan Tagwaye. Uwar yara da Kawu suna gaishe ku, yarana su Dogo da ƙannensa ma haka. Allah ya kawo ki lafiya, ya sa Gwaggo tana cikin rahama.

Wassalam.

Ƙaninki, in har kin ce har yanzu ni ne.