Rubutun Rahma Yana Kan Tudu

Assalamu alaikum Hajiya Mairama, don Allah ki taimake ni. Mu nan Jangeru maigida lafiya lau, ɗana Anas ya warke daga masassara, kakarsu ce ƙafa ta hana fita. Ni kuwa hankalina ne ba a kwance ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na yaye autana na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ɗiyata Rahma tana shekarar ƙarshe a wata makaranta a Kaura Namoda. Ta zo gida da aikin kammala karatu, wai a intanet take rubuta shi, malaminta yana shiga yana gyara mata daga can. To gidanmu babu sabis. Sai ta hau babur zuwa wani tudu a bayan gari inda ake kama layin Nijar, ta zauna da waya cikin rana. Kin san halin dajinmu. Makon jiya aka tare mutane a hanyar.

Ni ban ga wayewar ba. Kai ka yi rubutunka, amma sai sabis ya ga dama za ka gan shi? Na ce ta nuna mini ko shafi ɗaya, wani abu ya yi ta juyawa a fuskar wayar har na gama tankaɗe. Na sayo mata littafi da biro, ta yi mini dariya.

Ki amsa mini kafin Alhamis. Ranar ta ce za ta koma tudun, ni kuma na yi niyyar ɓoye wayar.

Uwar Rahma

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki ɓoye wayar, aro za ta yi ta tafi ba ki sani ba.

Abin yana da amfaninsa. Ko an ƙwace wayar, rubutun na nan, kuma gyaran malam ba ya buƙatar kuɗin mota. Amma an yi shi ne don masu wuta da sabis ba yankewa. Malamin da ke zaune ƙarƙashin fanka yana jiran ɗaliba daga Jangeru ta amsa masa kullum, bai san jihar da yake koyarwa ba. Ita ma Rahma, da duk bokonta, ba ta bincika cewa ana iya sauke rubutun a waya a ci gaba da shi babu sabis ba.

Alhamis kasuwar Shinkafi ce. Ta bi motar 'yan kasuwa tare da wani babba na gida. A can ta sauke aikin a wayarta, ta sa a buga mata shi a takarda, ta kuma gaya wa malamin cewa ranar kasuwa kaɗai zai riƙa ganin saƙonta. Tudu kuwa an gama da shi.

Idan ta dawo da takardun, ki zaunar da ita ki karanta shafin farko da kanki. Allah ya tsare Rahma, ya ba Kaka lafiya.