Littattafan Jam'iyya Uku da Ka Bari, Baba

Baba,

Assalamu alaika. Na san takardar nan ba za ta taɓa isa hannunka ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana sai kai.

Muna Alƙahira, a Hayyin Ashir, ɗaki biyu a hawa na huɗu. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana sauka kasuwa da kanta. Ni ina aikin gida a Mohandessin. Yaya Usman na can Omdurman, ya ƙi barin gidan da ka rasu a ciki.

Littattafanka uku sun iso lafiya, cikin matashin kai na ɗinke su har muka tsallake iyaka. Na karanta su, duk da ka hana. Na ga yadda ka shiga jam'iyyar kana saurayi, don sun ce duk mai magana da Larabci ɗan'uwa ne, ƙasa ɗaya al'umma ɗaya. Na ga zamanka na kurkuku. Na ga yadda yaƙin nan ya raba ku gida biyu, wasu suka bi sojoji, wasu suka jingina da ɗaya ɓangaren, kai kana tsakiya kana rubuta wanda ya ɓoye wane a gidansa. Me ya sa ka rubuta sunaye, Baba? Har da unguwanni?

Ranar Talata Ustaz Abdurrahim ya zo, abokinka na kurkuku. Ya sha shayi, ya yi hawaye, ya ce za su buga tarihin jam'iyya, kuma ba wanda ya adana shi kamar kai. Na ce zan duba. Ranar Alhamis wani ya kira ni, bai faɗi sunansa ba. Ya ce su ne 'yan jam'iyya na gaskiya, kada in ba Ustaz ko shafi ɗaya, su zan ba. Sannan ya tambayi lafiyar Usman, ya ambaci layinmu na Omdurman da launin ƙofarmu. Ban gaya wa Inna ba.

Akwai abin da na daɗe ina riƙe da shi. Duk ranar da suka zo taro gidanmu, kakan hana mu yin Hausa. Wata rana ina miƙa shayi na ji ɗayansu ya ce Fallatin nan akwai biyayya, sunan da suke kiran mu Hausawa ke nan. Ka ji shi, ka yi murmushi. Na yi shekaru ina fushi da wannan murmushin. Ka ɗauke su 'yan'uwa, su sun ɗauke ka? Ban tambaye ka ba har ka tafi.

Jiya da hantsi, Inna na kasuwa, na sa reza na yanke duk shafin da ke da suna, na ƙona su a kaskon turare. Rubutun hannunka ne, Baba, ina kallo yana naɗewa. Cikin sunayen har da masu ƙananan yara, shi ya sa.

Gobe zan kai wa Ustaz abin da ya rage. Idan mai wayar ya sake kira zan ce masa khalas, an gama, babu sunaye. Ko zai yarda, ban sani ba. Yau sau huɗu ina neman Usman, wayarsa ba ta shiga.

Ka yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinka.

'Yarka,
Hauwa