Katakon Ɗakin Baya

Zuwa ga Baba Kafinta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ƙafar? Ni ce matar yaronka da ka koya wa aikin kafinta, marigayi. Ka yi haƙuri da rubutuna, raina a ɓace yake.

Ka tuna gungumen da ya ajiye a ƙasa mai danshi wata bakwai, yana juya shi kamar mai jinya? Da aka tsaga, sai ga baƙin zane ya ratsa cikinsa kamar an ja da alƙalami. Ya jera katako goma sha ɗaya a ɗakin baya, ɗanye shar, ya ce in ya bushe zai yi mana teburin cin abinci. Kwana ashirin bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Jiya Yaya, wansa, ya faɗa ɗakin ko izini babu, ya fito yana toshe hanci. Wai katakon ya yi funfuna. Ya ce mini, "Ke, wannan ruɓaɓɓen itacen kike gadi? Ko mai gidan burodi sai an roƙe shi ya karɓa." Ranar Asabar zai kawo mota a kwashe a ƙona. Mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba! Baba, ka rubuta masa cewa zane ne, ba ruɓa ba. Maganarka yake ji.

Ka huta lafiya.
'Yarka.

*

'Yata,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi. Allah ya jiƙansa.

Ba zan yi wa Yayanku ƙarya ba. Zane a cikin itace yake, ba ya bin yatsa. Abin da ya tsiro a sama, fari da kore, funfuna ne, kuma ba ya zuwa sai an gayyace shi. Yaron nan ni na koya masa: bulo a ƙasa, ƙirare tsakanin katako da katako, taga biyu a buɗe kullum. To wa ya rufe tagar? In aka ƙara sati biyu a haka, itacen zai yi laushi kamar soso, ni da kaina zan miƙa wa Yayan ashana.

A gaida yara.
Babanki.

*

Baba,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaida manya ko da sun ɓata mini rai.

Na kawo maka kuka, ka mayar da ni mai laifi. To ni na rufe. Na rufe taga biyun, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa, har leda na lulluɓa wa katakon don kada ƙura ta taɓa shi. Wa ya taɓa gaya mini? Shekara goma sha tara ina kai masa shayi ɗakin nan, ba wanda ya ce zo ki ga yadda ake yi.

Kuma ba don katakon kaɗai ba ne. An raba tufafinsa, an wanke zanen gado, har kofinsa wata ta ɗauraye da sabulu. Ɗakin nan ne kawai yake warinsa, garin katako da gumi da man da yake shafa wa zarto. In na shiga na rufo ƙofa, sai in ji kamar fita ya yi sayen ƙusa. Ka ce in buɗe iska ta kwashe? Kai ba a mutu maka an bar ka da ɗaki ba.

Ka yafe mini in na yi kaushi.
'Yarka.

*

'Yata,

An mutu mini. Shekara shida ke nan.

Warin zai tafi, ko kin buɗe ko ba ki buɗe ba. Yanzu ma rabinsa na funfuna ne. Ki ɗaure hanci da baki, ki fito da katakon inuwa, ban da rana, zai tsage. Ki goge da buroshi mai tauri, ki danna farce. Wanda bai lotsa ba, ya rayu.

Babanki.

*

Baba,

Barka da war haka.

Na buɗe tun Alhamis. Na yi kukana na gama, sannan na ɗauki buroshi. Takwas sun rayu, kuma zanen yana nan.

Yaya ya zo da motarsa. Na ɗora masa ukun da suka lotsa, na ce saura kuma sai ya haɗa da ni. Ya ce na yi rashin kunya. Na ce na ji.

Takwas za su isa tebur?

'Yarka.