Ɗigo Uku a Kan Sin

Bebeji, 14 ga watan Babbar Salla, 1954

Daga Zuwaira zuwa ga ƙanena Ɗantani, mai lambu a gidan Manajan kuza, Riruwai. Gaisuwa da aminci, da fatan Furera da yara suna lafiya.

Amma bayan haka, Isa direba ya iso jiya, matarsa ta shigo ta gaya mini abin da ka tsaya kana faɗa a tashar Riruwai, wai yayarka ce ta raba ka da aikinka. Ka san ba na ɗaga murya, amma yau sau biyu alƙalamina yana tsagewa a hannuna.

Bari in tuna maka yadda aka yi. Kai ka aiko mini cewa itaciyar furen matar Manaja, mai ƙayar nan da kuke kira ros, ganyenta ya yi baƙaƙen tabo, yana rawaya yana zubewa, kuma in ta mutu kai za a tuhuma. Ni ban taɓa ganin ros ba. Abin da nake yi wa lallena in damina ta kawo masa irin wannan ciwo, shi na rubuto maka. Na ce ka tsinke duk ganyen da ya yi tabo. Ka daina yi mata wanka ta ka da butar nan taku mai huji-huji, ka zuba ruwa a ƙasa da safe, don jiƙaƙƙen ganye ciwon yake bi. Ka rage rassan ciki iska ta ratsa. Ka barbaɗa toka. Sannan na ce ka share gindinta, ka tara ka ƙone, don ganyen da ya faɗi shi yake mayar da ciwon sama in ruwa ya fallatsa.

Share na ce, Ɗantani. Da tsintsiya. Kai kuwa ka ɗauko adda ka sare gindin itaciyar mutane, ka cinna mata wuta, sannan ka kai sunana tasha. Wa ya taɓa warkar da mara lafiya ta hanyar yanka shi?

Allah ya shirye ka. Haza wassalam.

Riruwai, 18 ga wata

Zuwa ga Yaya Zuwaira. Ina gaisuwa, Furera ma tana gaisuwa, ko da yake kuka ya hana ta faɗa da kyau.

Yaya, tsintsiya kika ce? To tsintsiyar a zuciyarki ta tsaya, ba ta hau takarda ba. Na san a Sabbi na gudu daga allo, kin sha yi mini gori, amma ko ni na san a ajami harafin shin da ɗigo uku a kansa, sin kuwa babu. Abin da kika aiko mini sin ne, kansa fayau kamar sanƙon Baba Lado. Sare gindinta, ka tara ka ƙone. Sau uku na karanta. Na ce kai, wannan magani da zafi yake, amma Yaya ba ta kuskure.

Matar Manaja ta dawo daga Jos ta tarar da kututture. Yaya, Baturiya ta zauna a ƙasa dirshan tana kuka. Ashe daga gidan uwarta ta ɗauko reshen, a jirgin ruwa, uwar kuma ta rasu. Malam Adamu akawu ya yi mini tafinta, na ce takarda na bi. Manaja ya ce ƙarya ne, ko dai na sha wani abu ko mugunta ce. An ba ni zuwa ƙarshen wata in bar ɗakin kamfani, kuma babu takardar shaida. Kin san wanda ba shi da ita, ko gadin kaji ba a ba shi a ƙasar kuza.

A tasha kuwa na faɗa, ba zan ɓoye ba. Ki huta lafiya.

Bebeji, 21 ga wata

Daga Zuwaira zuwa ga Ɗantani. Gaisuwa da aminci.

Na karanta takardarka, da ƙyar, don rubutunka kamar kaza ta taka tawada. Labarin baiwar Allah nan ya taɓa ni, na yi wa uwarta da ita juyayi. Amma kai ban tausaya maka ba tukuna.

Shekara ashirin da biyu ina rubuta wa matan unguwar nan allo. Malamina, Allah ya jiƙansa, kafin ya yarda in riƙe alƙalami sai da ya sa na wanke allo guda sau bakwai saboda wasali ɗaya. Ni za ka ce wa na bar shin babu ɗigo? Yanzu maganarka ta zaga Bebeji. Shekaranjiya wata ta kawo allonta, na rubuta, ta tsaya tana ƙirga ɗigo da yatsa a gabana tana murmushi. Na ce mata sannu da ƙoƙari. Da ta tafi ban iya cin abinci ba.

Kuma a ce ma haka ne. Wanda ya ce ka tsinke ganye, ka rage rassa, ka barbaɗa toka, ka zuba ruwa da safe, me za ka zuba wa ruwan in ka sare? Babu malami ko ɗaya a Riruwai da za ka nuna wa? Shekara shida kana lambu, hankalinka bai ce maka dakata ba?

Ba zan rantse ba, ba na rantsuwa a kan abin da ba ya gaban idona. Ka ba Isa takardar ya kawo mini. Kada ka goge, kada ka ƙara. Na san tawadata.

Haza wassalam.

Riruwai, 24 ga wata

Yaya, ina gaisuwa. Ga takardarki nan cikin ƙyalle, yadda ta zo. Ban nuna wa kowa ba tun farko, don ban taɓa jin an kai rubutunki gun wani a duba ba. Furera ta fara ɗaure tukwane. Kututturen yana nan, matar ta hana a tone shi. Saura kwana shida.

Bebeji, 26 ga wata

Daga Zuwaira zuwa ga ƙanena Ɗantani. Gaisuwa da aminci.

Na duba a ɗaki, na fito rana na sake dubawa. Babu ɗigon. Ba gogewa ya yi ba, ban sa ba ne. Astagfirullah.

Ga takarda ta biyu, da sunana da sunan mahaifinmu, na rubuta cewa kuskuren daga hannuna ya fito. Ka haɗa da ta farkon mai maganin ros, ga ta na mayar maka, ka kai wa Malam Adamu ya karanta a gaban Manaja da matarsa, ya nuna musu harafin da yatsa. Ka ce wa matar in saiwa tana da rai lalle yakan tofo bayan sara, ban sani ba ko ros haka take, kada ka yi mata alkawari. Ka roƙa a bar ka ka riƙa ba kututturen ruwa, a ƙasa. Matan unguwa kuwa na tara su yau da hantsi na gaya musu da bakina.

In sun ƙi, ka taho da iyalinka, na sa an gyara ɗakin Inna. Amma kada ka zaci na huce. Ɗigo uku na manta, addar kai ka ɗaga.

Haza wassalam.