Malama Wataƙila Ta Zama Dakta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, albishir na kawo miki: jiya Farfesa ya sa hannu a kan aikin digirina. Ban goge ko layi ɗaya ba.

Har kika bar duniya kina gaya wa matan Yako 'yarki na binciken ƙwayar hatsi a jami'a. Ban taɓa gyara miki ba. Ƙwayar zarra ce, Inna, wadda ido ba ya gani. A tsakiyarta akwai wasu 'yan mitsi-mitsi, furoton da niyutron, da wani ƙarfi da ya ɗaure su wuri guda. Ba wanda ya taɓa ganin ƙarfin nan. Gwajin da aka yi a ƙasashen waje muke ɗauka, mu gina lissafi a kai.

To, kowane awo da ɗan kuskurensa. Sai na riƙa motsa alƙaluman kaɗan-kaɗan, iya kuskuren da masu awon suka faɗa da kansu, ina maimaita lissafin a kwamfutar sashenmu, wuta na zuwa tana ɗaukewa. Amsar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na rubuta abin da na gani: tana tsakanin nan da nan.

Shi Farfesa lamba ɗaya tak yake so, tasa, wadda ya wallafa tun ina sakandare. Wai shakka ɗabi'ar mata ce. A gaban ɗalibaina ya raɗa mini Malama Wataƙila, har masinja ya ɗauka sunan garinmu ne. Farfesa ya ce ko in goge abin da na rubuta, ko in tattara in koma Kiru. Ya kulle aikina a durowa shekara da shekaru.

Kin tuna zuwana na ƙarshe, kina kwance, na zauna a bakin gadonki ina kuka? Ba ki gane komai a zancen ba. Kika ce, "Ke kika auna ko shi? To, bar abinki yadda yake."

Sai ga sakamakon sabon gwaji ya fito. Ya faɗo cikin tazarar da na shata, ya bar lambar Farfesa a waje. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a, dattijo mai sanyin murya, ya tambaye shi a gaban kowa ina iyakar kuskuren tasa lambar. Inna, mutumin da bakinsa ba ya hutawa sai ya hau laluben biro a aljihu. Nawa biron na miƙa masa, ya sa hannu.

Har yanzu a fusace nake. Shekarun da ya cinye mini, a cikinsu kika tafi ba ki ga wannan rana ba. Wannan ban yafe ba tukuna, kuma kada ki ce in yi haƙuri. Ranar Juma'a zan shiga motar Kiru, in hau acaɓa zuwa Yako, in shiga gida-gida in gaya wa ƙawayenki da bakina.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi, ya saka miki da Aljanna.

'Yarki mai taurin kai,
Dakta Binta